Abin da Ya Sa Kiyashi Ba Ya Karyewa

Wata huɗu cur buhun nan ya yi a bayan ƙofar ɗakina a Kiru. Ƙaramin buhun taki ne, an ɗaure bakinsa da igiyar rama. A cikinsa akwai turaku ashirin da uku na icen ƙirya, kowanne bai kai kamu guda ba, an fiƙe masa baki da gizago. Na mahaifina ne, kuma ni na sato su. Kullum da safe idan zan yi shara sai in ɗaga buhun in share ƙarƙashinsa in mayar da shi, kuma kullum sai gabana ya faɗi, domin na san a can gida mahaifiyata ce take ɗauke da laifin ɓatansu.

Bari in fara daga kukar, don in ba ita babu labarin.

Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Dangora. A bayan gidan, tsakiyar gonarmu, akwai wata kuka da ko kakan Baba a haka ya tarar da ita. Wanda bai san kuka ba sai a miya ba zai gane wahalar hawanta ba. Jikinta sulɓi gare shi, ba ta rungumuwa, kuma reshenta na farko ya kai tsayin bene. Don haka ba a hawanta sai da turaku. Mai hawa zai rataya jaka a wuya, ya kafa turke a jikinta da guduma, ya taka, ya kafa na gaba, ya taka, har ya kai inda rassa suka rabu. Naman kuka taushi gare shi, turke yana shiga ba wahala. Haka kuma yake saki ba wahala idan damina ta bi ta kansa.

Baba manomi ne kamar kowa, amma shi ne mai hawan kuka a yankinmu. Da zarar ruwa ya ɗauke, har daga ƙauyukan maƙwabta ake zuwa a roƙe shi ya sauke wa mutane ganye. Dokarsa ɗaya ce, kuma tun ban san hagu da dama ba nake jin ta: ba a taka turken bara. Duk shekara idan damina ta yi tsakiya zai tafi can wajen Tudun Wada, inda har yanzu ake samun ƙirya, ya saro reshe, ya zauna a zaure ya fiƙe sababbi, ya jera su a ƙarƙashin rumbu su yi sati shida suna bushewa. Ranar hawa, kusa da kowane tsohon turke zai kafa sabo. Ko da tsohon yana nan daram kamar jiya aka buga shi, ba zai ɗora masa ƙafa ba. Yakan ce daga waje ne yake da kyau, ruɓar tana ciki.

Mu namu aikin a ƙasa yake, ni da Inna. Shi yana sama yana saro ƙananan rassa da adda, mu muna ja gefe muna tsige ganye a kan tabarma, a kai inuwar rumfa a shanya. Ganyen gidanmu ba ya ganin rana, shi ya sa garinsa yake fitowa kore shar, ba irin na kasuwa mai kalar toka ba. Abin da na tsana a aikin shi ne ƙwari. Duk reshen da ya girgiza sai an yi mana ruwan kiyashi da cinnaka, su shiga wuya, su shiga kitso. Ina tsalle ina kakkaɓewa, Inna tana cewa in bar raki in yi aiki.

Wata shekara, ina jin ban wuce tara ba, na lura da wani abu. Wani cinnaka ya faɗo daga inda Baba yake, can ƙololuwa, ya sauka a kan faifai a gabana. Na zuba ido in ga gawarsa. Ina! Ya juya, ya gyara tsayuwa, ya kama hanya kamar wanda aka aika. Ni kuwa a makon na faɗo daga kan turmi, turmi kawai, gwiwata ta kumbura har ban je ɗebo ruwa ba kwana biyu. Da Baba ya sauko yana shan fura na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Ba ki ga yadda yake yi ba? Ba ya jin tsoro. In ya ga ya rabu da reshe sai ya saki jikinsa, ya bar wa Allah. Mutum kuwa sai ya ƙanƙame jiki, ya sandare, shi ya sa yake karyewa."

Ya ba mu labarin yadda ya taɓa faɗowa daga ɗorawa yana saurayi, ya saki jiki, ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya koma sama. Inna ta ce ta ji labarin a bakin mahaifiyarsa, ɗorawar ko tsayin katanga ba ta kai ba, kuma a kan tarin harawa ya faɗa. Ya ce ita me ta sani, lokacin ko ɗaura zani ba ta iya ba. Ni dai Baba na gaskata. Na yi shekaru ina ganin duk ciwon da na ji a faɗuwa tsorona ne ya jawo.

Da na girma na je kwalejin horon malamai na karanci kimiyya, a can na ji ainihin dalilin. Na dawo hutu kaina ya kumbura, na tare Baba a tsakar gida na fara yi masa bayanin iska da nauyi. Ban kai ko'ina ba ya ɗaga hannu ya ce, "To Malama, iskar da ta tare kiyashi, ni gaba take yi da ni?" Aka kwashe da dariya har da Inna. Na yi fushi na shige ɗaki. Daga ranar Malama ya zama sunana a bakinsa, da farko don tsokana, daga baya don ya saba. Bayan an kai ni Kiru, na kama koyarwa a makarantar 'yan mata, duk zuwan da zan yi gida sai ya raka ni har ƙofar zaure ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Malama." Ko yana fushi da kowa a gidan, wannan bai taɓa tsallake ta ba.

Shekaru suka ja. Yayyena maza biyu suka koma Kano, kuma ko suna gida babu wanda ya gaji hawa, don babban ko tsani ya taka sai ƙafarsa ta yi rawa. Baba ya haura sittin da biyar. Da ƙaramar Sallah ta waccan shekarar na ga ya miƙe daga kan buzu bayan la'asar, ya yi tangaɗi, ya dafa bango ya tsaya yana lumshe ido. Da na yi magana ya ce ƙafarsa ce ta sage. Inna ta ja ni madafa ta ce jirin nan ya fi wata uku, an auna shi an ce jininsa ya hau, maganin kuma sai ranar da ya ga dama yake sha.

Muka shiga lallashi. Na ce bana a samo matashi ya hau. Ya ce yaran yanzu uwar reshe suke sarewa, su yi wa kuka aski ƙwal, ta shekara uku ba ta farfaɗo ba. Na ce to ni zan riƙa sayo garin kuka a kasuwa ina kawowa. Da na san irin kallon da zai yi mini da ban faɗa ba.

Ya ce, "Ina raye, da kuka a bayan gidana, a ci tuwo da tokar kasuwa?"

Inna, ita da ma bakinta ba ya shiru, ta ce, "Wallahi Malam, in ka fiƙe turakun nan bana, a murhu za su ƙare. Da hannuna zan hura wuta da su."

Ya ce ta gwada ta gani. Duk muka yi dariya, har da ita. Babu wanda ya san maganar za ta dawo ta shaƙe ta.

Ya tafi Tudun Wada kamar kullum, ya saro ƙiryarsa, ya fiƙe. Wata Asabar bayan ruwa ya ɗauke na je gida na tarar ya tafi ta'aziyya ƙauyen Ba'awa. Turakun sun bushe, har ya zuba su a buhu ya rataye a jikin rumbu tare da guduma. Ganyen kuka ya ƙosa, saura 'yan kwanaki ya fara rawaya. Na tsaya ina kallon buhun ina lissafi irin namu na masu karatu. In babu sababbin turaku ba zai hau ba. Kafin ya sake zuwa neman ƙirya, ya fiƙe, ta bushe, ganye ya zube. Ke nan na sama masa shekara guda a ƙasa, kafin baɗi kuma Allah ya kawo wata dabarar. Na san dokarsa kamar yunwar cikina, kuma a kanta na ɗora komai. Abin da na manta shi ne mai dokar yana da zuciya, kuma ita ma na san ta, don a wurinsa na gado tawa.

Na sauke buhun na cusa shi a ƙarƙashin hijabina, na kai zaure na tura shi cikin ƙunshin gyaɗa da kuɓewar da Inna ta ba ni. Mai mashin ɗin da zai mayar da ni Kiru yana ɗaure kayan sai ga Baba ya dawo. Ya ji haushin bai same ni da wuri ba, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Malama." Na ce amin. Muka kama hanya, bakin turakunsa yana sukar bayana a kowane rami. Ba zan ɓoye ba, a ranar daɗi na ji, ina ganin na yi wayo.

Ranar Talata ina cikin aji wayata ta yi ta kuka a jaka. Matar maƙwabcinmu ce. Ba ta ko yi sallama ba ta ce, "Ki zo, Babanku ya faɗo."

Sauran a bakin Inna na ji daga baya. Ranar Litinin ya je ɗaukar buhu bai gani ba. Ya birkice gidan, ya leƙa rumbu, ya leƙa turken awaki. Sannan ya zo ya tsaya a ƙofar madafa, ya kalli murhu, ya kalle ta, ya ce, "Kin aikata ke nan?" Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Washegari da hantsi ya ɗauki addarsa ya nufi gona. Ta bi shi tana roƙo, tana haɗa shi da Allah, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ya ɗora ƙafa a kan turken bara, abin da bai taɓa yi ba tun da ta san shi. Sha bakwai suka riƙe shi. Na sha takwas ya zaro gaba ɗaya, da ruɓaɓɓen naman kuka a jikinsa.

Ta ce bai yi ihu ba. Ya cafki wani ɗan reshe, reshen ya kuɓuce, sai ya buɗe hannuwansa ya taho. Ƙarar da ta ji kamar an jefo buhun masara daga kan babbar mota. Ta ce abin da ba ya barin idonta shi ne kiyashin da suka zubo daga reshen da ya girgiza. Yana kwance ko motsi ba ya yi, su kuwa suna ta yawonsu a kan rigarsa.

Sati uku muka yi a asibiti a Kano. Ƙugu ya karye, ƙashin baya ya taɓu. Aka yi abin da za a iya, aka dawo da shi gida a kwance, aka ce ƙafafun sai dai addu'a. Mutumin da bai taɓa wuni a ɗaki ba ya koma sai an juya shi.

Inna ce take juya shi. Ita take goge masa jiki, ta canza shimfiɗa, ta fitar da abin da ya kamata a fitar. Amma tun ranar da ya farfaɗo bai sake yi mata magana ba. In ta gaishe shi sai ya kalli rufin ɗaki. In ta kawo koko sai ya rufe baki, har sai da ƙanwarsa, Gwaggo, ta tare a gidan don ta riƙa ba shi abinci. Magana kuwa ta fita. A bakin rijiya, a gidan suna, kowa ya ji cewa matarsa ce ta ƙone masa turaku, don akwai waɗanda suka ji lokacin da ta rantse. Matan da suka yi shekara talatin suna aron faifanta suka koma gaishe ta a tsaitsaye.

Ni kuwa duk Asabar ina hanya. Da ya ji sallamata fuskarsa take washewa. A hannuna yake cin abinci har ya nemi ƙari. In zan tafi ya riƙe yatsuna ya sa mini albarka, in ce amin, in fito zaure in jingina da bango sai numfashina ya dawo. Ban taɓa sanin addu'a tana ƙuna ba sai a watannin nan.

A Asabar ta biyar na sami Inna ita kaɗai a madafa tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Inna, akwai maganar da nake so in gaya miki."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na gan ki. Ina bayan rumbu ina kwashe kuɓewa lokacin da kika sa shi a hijabi."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Da na hana ki ai. Ban hana ki ba don ni ma abin da nake so ke nan, ke dai kika riga ni. Ki bar shi a yadda yake. Fushinsa na san shi shekara arba'in, ba yau ya fara ba, zan iya da shi. Ke kuwa in ya juya miki baya, ba ke ba, ba shi ba, babu mai ɗauka. Ke kaɗai kika rage masa da yake murnar gani. Kina so ki raba shi da wannan ma?"

Na karɓi maganarta da hannu biyu, kuma ba don ta fi gaskiya ba. Na karɓa ne don ta yi mini daɗi. Tsoro nake ji. Duk abin da na samu a duniya, aure, aiki, 'ya'ya masu lafiya, a raina albarkar bakin Baba ce, kuma ban san yadda ake rayuwa babu ita ba. Sai na koma Kiru na ci gaba da ɗaga buhu ina share ƙarƙashinsa. Sau biyu na kai shi bakin murhuna, na kasa. Maigidana ya taɓa tambaya ko menene a ciki, na ce kayan gida ne.

A zangon karatu na biyu darasin faɗuwar abubuwa ya zo. Darasin da na fi so ke nan, don nakan sa 'yan mata su hau kan benci su saki takarda a buɗe da takarda a dunƙule, aji ya kaure da gardama. Wannan karon na rubuta kan darasin a allo, na juyo, na ga fuskoki sun zubo mini ido, na ce su buɗe littafi su kwafa. Na zauna a kujera har aka buga ƙararrawa.

Abin da ya karya ni ƙarami ne. Wata Asabar baƙi sun zo dubiya, suna zaune a tsakar gida, Inna tana tsugune tana hura wuta. Sai na lura zaninta ya zagaye ta kusan sau biyu, ƙashin wuyanta duk a waje. Gwaggo tana zuba wa baƙin ruwa ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ai wasu matan ba sa jiran ajali, da hannunsu suke kwantar da mazajensu." Inna ta ci gaba da hura wutarta, hayaƙi yana shiga idonta, ko gogewa ba ta yi ba. Ni da nake da bakin da ba ya barin ko-ta-kwana, ni da na taɓa zazzage shugabar makaranta a gaban malamai, na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. A ranar na raina kaina.

Asabar ta gaba na ɗauko buhun. Na ajiye shi a zaure bayan tabarmar Baba ta da, na shiga da sallama.

Na same shi shi kaɗai, da tsinken tsintsiya a hannu. Wani layin kiyashi yana hawa bango kusa da gadonsa. Sai ya sa tsinken ya ture ɗaya, ya leƙa ƙasa iyakar yadda wuyansa zai iya, ya ga ya tashi ya sake kama bango. Ashe aikin da yake wuni yana yi ke nan.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, akwai wani bayani da kika taɓa kawo mini na iska, na hana ki ƙarasawa. Ƙarasa mini yau."

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Baba, ka ga in Inna tana shiƙa? Tsaba takan faɗo kai tsaye, ƙaiƙayi kuwa ya yi ta lilo kafin ya sauka, alhali daga ƙwarya ɗaya suka fito. Iska tana tare duk abin da yake faɗowa. Abin da ba shi da nauyi, tarewar nan ta ishe shi. Kiyashi bai kai ƙwayar gero nauyi ba, ga ƙafafu shida a baje. Da ya fara faɗowa kaɗan sai iskar ta yi daidai da nauyinsa, gudunsa ya tsaya a nan, ba ya ƙaruwa. Ko daga kan rumbu ya faɗo, ko daga ƙololuwar kuka, ko daga jirgin sama, da wannan ɗan gudun zai iso ƙasa. Ga shi ƙashinsa a waje yake, ɓawo ne ya lulluɓe shi. Mutum kuwa nauyinsa ya fi ƙarfin iskar da jikinsa zai iya tarowa. Kafin ta riƙe shi ya riga ya iso, kuma duk nauyin nan a kan ƙashi yake sauka."

Ya ajiye tsinken. Can ya ce, "Ko ya saki jiki?"

"Ko ya saki jiki, Baba."

"Ko bai ji tsoro ba?"

"Ko bai ji ba. Babu ruwan ƙasa da tsoro."

Sai na ga hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Ya ce, "Na saki, Malama. Wallahi na saki. Wata huɗu ina kwance ina cewa ashe a tsakiyar hanya tsoro ya kama ni ban sani ba. Ina cewa ashe duk shekarun nan matsoraci ne ni."

Na ce, "Ba ka ji tsoro ba. Inna ta ce ko ihu ba ka yi ba."

Da na ambaci Inna fuskarsa ta ɗaure. Daga tsakar gida ana jin ƙarar taɓaryarta. Ya ce, "To in ba tsoro ba ne, saura abu ɗaya ke nan. Shekara arba'in ina ci daga hannunta, ta dubi idona ta..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na tashi na je zaure na ɗauko buhun. Inna ta gan ni na ratsa tsakar gida da shi, taɓaryar ta tsaya a sama, ta girgiza mini kai. Na wuce. Na durƙusa a gaban gadon na ɗora masa shi a kan ƙirji.

Na ce, "Ba ta ƙone ba, Baba. Ni na ɗauka. Ranar da ka je Ba'awa. Suna cikin kayan da aka ɗaure a mashin lokacin da kake sa mini albarka. Na ɗauka in babu su ba za ka hau ba."

Ya kwance igiyar da kansa, a hankali, don ɗaurinsa ne. Ya zaro turke ɗaya ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina, ya ajiye a gefensa. Ya zaro na biyu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ashirin da uku, ni ina durƙushe. Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da ɗaya. Da ya gama ya ce, "Sun bushe da kyau."

Sannan ya ce, "Ta sani?"

Na ce ta sani.

Ya rufe ido ya daɗe. Da ya buɗe bai kalle ni ba, ƙofa ya kalla. Ya ce, "Kira mini Innarki."

Ba sai na kira ta ba, tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta duk gari. Ya dube ta, irin duban da za ka yi wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya, ya ga zanin, ya ga wuyan. Ya ce, "Akwai sauran kokon nan na safe?" Ta ce akwai. Ya ce, "Kawo ki ba ni."

Na matsa gefe. Ta zauna inda na tashi, ta tallafo kansa, ta riƙa ba shi da ludayi. Ya shanye tas. Gwaggo ta leƙo, ta ga turakun a jere a kan shimfiɗa, ta koma da baya.

La'asar ta yi, ta wuce. Na yi sallah, na dawo na durƙusa na ce, "Baba, zan koma."

Ya ce, "To. Ki hanzarta kada ki rasa abin hawa."

Na jira. Hannunsa yana kan turakun, bai miƙo shi ba. Na gyara hijabina, na sake cewa zan tafi, ya ce ya ji, a gaida yara. Sai ya juya fuskarsa wajen bango, inda kiyashin nan suke ta hawa.

Inna ta biyo ni har ƙofar zaure, wurin da yake tsayawa. Ta kama hannuna ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ta waiga cikin gida, ta sake faɗa a karo na biyu, da ƙaramar murya, a madadin wanda bai faɗa ba.

Sau ɗaya na ce amin.